Asalin Sunayen Tituna da Unguwannin Tsakiyar Birnin Kano

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin sunayen da ake kiran hanyoyi da wurare da su a tsakiyar Kano, a ga inda suka samo asali, da kuma irin abin da suke faɗi game da mutanen da suka raɗa su. Abin da ake nufi da tsakiyar Kano a nan shi ne cikin birni, watau abin da ganuwa ta kewaye, sa'an nan da Fagge da Sabon Gari da Nassarawa da Bompai, waɗanda Kanawa kan haɗa su duka su ce Waje. Ba za a taɓo sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan gari ba, sai fa inda misali ya tilasta.

Sunan wuri shaida ne na tarihi kamar yadda rubutaccen kundi yake shaida. Sau da yawa ma yakan fi kundi daɗewa, domin gara ba ta cinsa, gobara kuma ba ta ƙona shi. Amma yana da nasa aibin. Idan ma'anarsa ta asali ta ɓace, jama'a ba su barinsa haka nan, sai sun ƙaga masa wata sabuwa wadda ta yi daidai da abin da kunnensu ya ji. Saboda haka mai nazarin sunaye tilas ya yi aiki biyu, ya tattara abin da ake faɗi, sa'an nan ya auna shi da abin da tarihi ya tabbatar.

Kalmomin da ake kiran hanya da su

Kafin a shiga cikin sunayen kansu, ya kamata a dubi kalmomin. Hausa tana da hanya da turba da tafarki da gwadabe, waɗanda duk suna nufin abin da ake bi a tafi wani wuri. A cikin gari kuwa akwai lungu da kwararo da loko, ga kuma dandali da mararraba. Waɗannan duka tsofaffin kalmomi ne. Amma kalmomi uku da aka fi ji yau idan ana kwatance, watau titi da layi da kwana, dukansu baƙi ne. Layi da kwana daga Ingilishi aka aro su kai tsaye. Titi ma asalinta Ingilishi ne, sai dai masana harshe suna ganin ta bakin Yarbawa ta biyo kafin ta iso Hausa, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san ko su wane ne direbobi da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa na farko a Kano.

Wannan aro yana nuna abu guda muhimmi. Miƙaƙƙiyar hanya mai faɗi, wadda aka auna, aka jera gidaje a gefenta, aka kafa mata allo mai suna, ba tsarin Bahaushe ba ce. Bahaushe wuri yake raɗa wa suna. Hanyar da ta kai mutum wurin kuwa sai ta ci albarkacin sunansa.

Cikin birni

Wanda ya nemi gida a cikin birnin Kano ya san ba a tambayar sunan titi. Unguwa ake faɗi, sa'an nan a ambaci masallaci ko rijiya ko ƙofar gidan wani sananne, in abin ya faskara a nemi mai unguwa. Ko lambobin gidaje da hukuma ta rubuta a jikin ƙofofi da sunan unguwa suke tafiya, a ce lamba kaza Yakasai, ko lamba kaza Mandawari. Manyan hanyoyin da suka ratsa birnin kuwa daga ƙofofin ganuwa suka taso, suka nufi Kasuwar Kurmi ko gidan Sarki, don haka da sunan ƙofofin ake kiransu. Mutum zai ce ya biyo ta Ƙofar Mata, ko ta Ƙofar Na'isa, kowa kuma ya gane hanyar da ya bi.

Bisa ga littafin Tarihin Kano, Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Sunan kasuwar kansa yana tuna wa mutum da kurmin Jakara, wanda littafin ya ambata a matsayin wurin tsafi na mutanen farko. Yau babu kurmi a wurin, sai rumfuna da cunkoson jama'a, ita Jakara kuwa ta koma magudanar ruwa da aka ɗaure da siminti.

Sunayen ƙofofin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ta ɗauki sunan sarauta, kamar Ƙofar Wambai. Akwai wadda ta ɗauki sunan garin da take fuskanta, kamar Ƙofar Dawanau. Ƙofar Kansakali tana riƙe da tsohuwar kalmar da ke nufin takobi, kalmar da da wuya a ji ta a bakin yaran yanzu in ba a sunan wannan ƙofa ba. Biyu daga cikin ƙofofin kuma da kansu suke tona asirin ƙuruciyarsu. Sabuwar Ƙofa a 1937 aka fasa ta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ga shi har ta haura shekara tamanin ana ce mata sabuwa. Ƙofar Famfo kuwa ba ta yiwuwa ta girmi kalmar famfo, wadda ba ta shigo Hausa ba sai da Turawa suka kawo ruwan famfo, aka jawo shi daga Challawa zuwa cikin gari.

A sunayen unguwanni ne arzikin ya fi yawa. Wasu da itatuwa aka san su, kamar Durumin Iya da Durumin Zungura da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Rimin Ƙira. Wasu da ruwa, kamar Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu. Wasu da sana'a, kamar Soron Ɗinki da Lokon Maƙera da Takalmawa da Dukawa. A lura da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Rimin Ƙira, kowannensu ya haɗa abu biyu, itacen da ake zama a inuwarsa da sana'ar da ake yi a gindinsa. Galibin itatuwan nan an sare su ko sun faɗi, rijiyoyi da yawa an cike su, jikokin maƙera kuma sun zama ma'aikatan ofis, amma wanda ya bi sunayen a hankali zai iya zana taswirar sana'o'in birnin kamar yadda suke kafin zuwan Turawa.

Sarauta ma ta bar sawunta. Galadanci mazaunin Galadima ne, Tudun Wazirci na Waziri. Ɗafa-ƙeyar nan ta -anci ko -ci, wadda aka saba gani a sunayen harsuna da ɗabi'u, kamar Larabci da makamantansa, a nan ta yi aikin nuna wuri, abin da ya kamata masu nazarin ginin kalma su ƙara dubawa. Bayan jihadi, zuriyoyin Fulanin da suka karɓi mulki sun zauna a sassa dabam-dabam na birnin, sunayensu kuma suka bi wuraren. Yola mazaunin Yolawa ce, gidan da ke riƙe da sarautar Madaki. Dambazau ta Dambazawa ce, masu sarautar Sarkin Bai.

Amma abin da ya fi kowanne bayyana a sunayen cikin birni shi ne baƙunta. Agadasawa mutanen Agadas ne. Tudun Nufawa na Nufawa ne, Zangon Barebari na mutanen Barno, Ayagi kuwa ta Yarbawa ce waɗanda suka zauna a Kano tun kafin a yi mafarkin Sabon Gari. Sharifai mazaunin zuriyar Shehu Magili ce, malamin da ya zo daga Arewacin Afirka a zamanin Rumfa. Madabo an san ta da malaman Wangarawa. Akwai ma unguwanni biyu da sunayensu Larabci ne tsantsa da aka yi wa kwaskwarima. Alfindiki daga kalmar da ke nufin masaukin fatake take, Alkantara kuwa daga kalmar da ke nufin gada. A duka biyun Hausa ta haɗiye harafin al na Larabci ta mai da shi wani ɓangare na kalmar, kamar yadda ta yi a alƙali da alƙalami da albasa. Duk wanda ke da'awar cewa birnin Kano na ƙabila ɗaya ne tun fil azal, sunayen unguwanninsa kaɗai sun isa su ƙaryata shi.

Sunaye biyu masu ruɗarwa

A nan ya dace a tsaya a kan sunaye biyu da kan yaudari mai gaggawa. Na farko shi ne Dandalin Turawa. Ɗan zamani da ya ji wannan suna zai ɗauka wurin zaman Ingilishi ne. Alhali kuwa kafin ƙarni na ashirin Larabawa ne Hausawa ke kira Turawa, musamman fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna kusa da Kasuwar Kurmi. Daga baya ne kalmar ta tashi daga kansu ta koma kan mutanen Turai. Sunan unguwar ya tsaya a kan tsohuwar ma'ana, harshen kuwa ya wuce ya bar shi.

Na biyu shi ne Nassarawa. Da yake a nan Turawan mulki suka yi gidajensu da ofisoshinsu, an sha jin masu cewa daga Nasara sunan ya fito, watau unguwar Nasara. Bayanin yana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya lissafta ƙofofin birnin a littafinsa, kuma Ƙofar Nassarawa tana cikinsu. Ke nan sunan ya riga zuwan sojojin Ingila da shekara hamsin da biyu aƙalla. Sarakunan Kano suna da gida a Nassarawa tun kafin Turawa, sunan kuma da nasara yake da dangantaka, watau cin galaba, kamar sauran garuruwa masu wannan suna a ƙasar Hausa da kewayenta.

Zuwan Turawa da tsarin Waje

Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Lugga ya naɗa Abbas a madadinsa. Turawa ba su zauna a cikin birni ba. Sun kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, suka bar birnin a hannun Sarki da hukumar En'e. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a shekarar da ta biyo, sai kamfanoni da ma'aikata suka yi ta kwararowa, ya zama dole a yanka musu filaye. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa Kano a aji na biyu, tsarin Lugga kuma ya tanadi a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don tsoron sauro da cuta. A kan takarda aka fara zana waɗannan unguwanni kafin a aza tubali, kuma abin da aka zana a takarda dole a ba shi suna. Daga nan sunan titi ya shigo Kano.

Sunayen ɓangaren Turawa ba su da wani zurfi. Bature ya kira kowane titi da abin da ke kansa: Bank Road, Post Office Road, Club Road, Race Course Road, Mission Road. Wanda ya jera su ya ga rayuwar Baturen mulki gaba ɗayanta, daga inda yake ajiye kuɗinsa da inda yake aika wasiƙa gida, zuwa inda yake shaƙatawa da yamma. Manyan hanyoyin da suka fita gari kuwa aka ba su sunan inda suka nufa, Zariya da Katsina da Haɗeja da Gwarzo da Maiduguri. A wannan kam tunanin Bature da na Bahaushe sun haɗu, shi ya sa fassararsu ba ta yi wuya ba. Abin da aka yi kawai shi ne juya jerin kalmomin a sa harafin mallaka, Zaria Road ta zama Titin Zariya, kamar yadda ake cewa Ƙofar Dawanau.

Tsakanin tashar jirgi da Fagge aka zaunar da 'yan kasuwar Siriya da Labanan, waɗanda Hausawa ke kira Kwara. Su ne asalin kantunan da suka zama Kantin Kwari, kuma Beirut Road da Lebanon Road suna nan suna shaidar zamansu, ko da yake yau Hausawa ne suka cika wuraren da harkokinsu. Ita Fagge ta girmi duk wannan tsari. Tsohon masauki ne na ayarin Azbinawa masu raƙuma a bakin ganuwa.

Wani abin lura shi ne, su ma Kanawa sun yi wa Turawan nasu raɗin sunan. Cargill, Razdan na farko, Mai Gunduma suka kira shi, saboda shi ya karkasa ƙasar Kano gunduma-gunduma. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, Ɗan Hausa ya zama, gidansa kuma har yanzu Gidan Ɗan Hausa ake ce masa. Mutane ƙalilan ne cikin masu wucewa ta wurin za su iya faɗin sunansa na yanka.

Sabon Gari

Babu inda sunayen tituna suka fi ba da labari kamar Sabon Gari. An yanka ta wajen 1913 domin baƙin da ba su ƙarƙashin shari'ar Sarki, aka tsara ta layi-layi kamar gidan dara. Wanda ya bi titunanta yana karanta alluna kamar yana karanta rajistar mazaunanta ne. Ga Abeokuta Road da Ijebu Road da Yoruba Road, ga Enugu Road da Aba Road da Ibo Road, ga Warri Road, ga kuma Freetown da Gold Coast. Waɗannan biyu na ƙarshe suna tuna wa mutum cewa akawunan farko da gwamnati da kamfanoni suka kawo ba 'yan Nijeriya ba ne kaɗai, da yawansu daga Saliyo da ƙasar da ta zama Gana a 1957 suka zo. Ƙasar ta sake suna, titin bai sake ba a bakin jama'a. Haka Zungeru Road take riƙe da sunan garin da ya kasance hedkwatar Arewa kafin a koma Kaduna, Burma Road kuma take tuna yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka kwashi dubban samarin Arewa aka kai su dazukan Bama su yaƙi Japan. Festing Road sunan ɗaya daga cikin jami'an Turawa ne da suka riƙe Kano a shekarun farko na mulkinsu.

A dubi yadda wannan tsari ya yi kama da na cikin birni, ya kuma saɓa masa. A birni an ce Tudun Nufawa domin Nufawa ne a wurin, jama'a ne kuma suka raɗa. A Sabon Gari hukuma ce ta raɗa, kuma ba lalle ne mazaunan Aba Road su zama mutanen Aba ba. Na farko kwatance ne, na biyu kuwa karramawa ce ko alama. Duk da haka sunayen garuruwan Kudu suna nan a Sabon Gari har yau, bayan tarzomar 1953 da kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da mafi yawan Inyamuran unguwar suka bar gidajensu suka tafi.

Sai babban misali, watau France Road, titin da ya bi ta gefen kasuwa, wanda kusan kowane Bakano ya sani. Tambayi mutum goma, mafi yawansu za su ce sunan ƙasar Faransa ne, wataƙila ma wani ya ƙara da cewa kamfanonin Faransawa ne suka zauna a wurin. Amma masu binciken tarihin Sabon Gari sun nuna cewa cikin shekarun 1930 an ƙirƙiro muƙamin Sarkin Sabon Gari, wanda aka fara ba shi kuwa wani tsohon akawu ne mutumin Gold Coast mai suna G. E. France. Wanda ya gaje shi mutumin Saliyo ne mai sana'ar ɗaukar hoto, T. P. Barlatt-Hughes, shi ma kuma yana da titinsa a unguwar, wanda ake rubutawa Ballat Hughes. Idan an ga sunan magaji a titi ɗaya, ba a bukatar tafiya Turai neman asalin sunan ɗayan. Haka kuma akwai titunan Sani Giwa da Sanyaolu, manyan Yarbawan Sabon Gari na wancan zamani.

Daga baya hukuma ta sauya wa France Road suna zuwa Abuja Road, kamar yadda Church Road ta koma Awolowo Avenue. In har an yi sauyin ne da zaton ana kawar da sunan wata ƙasar Turai, to, sunan baƙar fata ɗan Afirka ta Yamma aka goge. Wannan ita ce irin hasarar da rashin bincike ke jawowa.

Bayan samun mulkin kai

Daga 1960 zuwa yau sunayen mutane ne suka mamaye allunan tituna. Sarakuna sun sami rabonsu, akwai titin Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, da na Ado Bayero, 1963 zuwa 2014. Mafi ban sha'awa a cikinsu shi ne Alu Avenue. Sarkin da Turawa suka tuɓe, suka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926, ga sunansa a tsakiyar unguwar da suka gina wa kansu.

Sauran kuwa tarihin siyasar Nijeriya ne, kuma abin baƙin ciki, kashi mai yawa nasa tarihin kisa ne. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa an kashe su a juyin mulkin Janairu 1966, kowannensu yana da titi. Manyan tituna biyu da suka fi kowanne hada-hada a tsakiyar gari, watau na Murtala Muhammad da na Ibrahim Taiwo, juyin mulki ɗaya ne ya haife su, wanda bai ci nasara ba, na ranar 13 ga Fabrairu 1976. Murtala ɗan Kano ne, haifaffen Kurawa, kuma shugaban ƙasa, don haka ba a tambayar dalilin sunansa. Taiwo kuwa Kanar ne, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe a wannan tarzoma. Dubban mutane suna ambaton sunansa kullum a Kano, 'yan tireda da masu sayen atamfa da direbobi, amma ƙalilan ne suka san ko wane ne shi. Har wa yau Murtala ne ya zartar da shawarar mai da babban birnin ƙasa Abuja, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, sunan da ya zo ya maye gurbin na France.

Akwai titin Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, da na Malam Aminu Kano wanda ya rasu a 1983, da na Obasanjo da Babangida da Sani Abacha. Masu kaki sun fi yawa nesa ba kusa ba. A duk manyan titunan da aka ambata a wannan maƙala babu ko ɗaya mai sunan mace, babu na mawaƙi. Tsohon tsarin birni, wanda ya tuna da maƙera da maɗinka da masu gurasa, ya fi wannan adalci.

Sunayen da jama'a suka raɗa

A ƙarƙashin sunayen hukuma akwai wasu da babu allon da ke ɗauke da su, amma su ne gari ke tafiya a kansu. Yaron mota ba ya kiran sunan titi, cewa yake Bata, Bata. Bata kuwa kantin kamfanin takalma ne mai wannan suna da ya taɓa zama a bakin kasuwar Sabon Gari. Kasuwar Singa daga kamfanin keken ɗinki na Singer ta sami sunanta, ko da yake yau kayan masarufi ake sayarwa a cikinta. Wapa da ke Fagge, wadda aka sani da 'yan canjin kuɗi, sunan gidan silima ne. Filin Sukuwa da Titin Gidan Zu da 'Yan Kura duk na jama'a ne. Idan aka duba da kyau, wannan tsohuwar hanyar nan ce ta Durumin Iya da Rijiya Biyu ta sake dawowa, a sami wani abu fitacce a wuri a kira wurin da shi, sai dai yanzu kanti da silima ne suka tsaya a matsayin durumi da rijiya.

Ga mai nazarin tsarin sauti, babu kamar Tal'udu. Wannan wuri da ke yammacin birni sunan kamfanin gine-gine ne na Ingila, Taylor Woodrow, wanda ya taɓa zama a wurin. Hausa ba ta son cunkoson baƙaƙe a gaɓa ɗaya, ta kuma fi son kalma ta ƙare da wasali mai sauƙi. Sai aka haɗe kalmomin biyu, aka zubar da sautin ra na ƙarshen kowace, wa ta tsakiya ta koma hamza, aka sami kalma mai gaɓa uku wadda ta yi kama da Larabci har wani zai rantse daga littafin addini aka ciro ta.

Ƙarfin irin waɗannan sunaye yana fitowa fili duk lokacin da hukuma ta yi ƙoƙarin sauya wanda jama'a suka saba da shi. Kasuwar Sabon Gari a takarda sunan Muhammadu Abubakar Rimi take ɗauke da shi, gwamnan da ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, amma ba a jin mai cewa zai je kasuwar Abubakar Rimi, musamman da yake akwai wata Kasuwar Rimi a cikin birni wadda ita da itacen rimi aka san ta. Asibitin Nassarawa an sa masa sunan Kanar Muhammadu Abdullahi Wase, wanda ya mulki jihar ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a 1996, duk da haka Asibitin Nassarawa ake cewa. Amma Asibitin Murtala da Gidan Murtala da Titin Murtala sun zauna daram a bakin mutane ba tare da an tilasta wa kowa ba, haka ma filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da asibitin koyarwa mai sunansa, wanda ake taƙaitawa a ce Asibitin Malam. Bambancin a fili yake. Inda jama'a suka ɗauki mutum nasu ne, sukan karɓi sunan har su yi masa gajeren laƙabi. Inda wurin ya riga ya yi suna mai sauƙin faɗi, sabon kan tsaya a allo da kan takardun ofis. Wanda ya tari mai Adaidaita Sahu a Ƙofar Wambai ya ce a kai shi Abuja Road, sai ya ƙara bayani, in kuwa ya ce France Road, kuɗin kawai za a faɗa masa.